Gidan Haya a Cikin Akwati

A saman bene, bayan Kasuwar Barci,
akwai ɗaki mai fanka guda, mai gurnani,
nan na ajiye sabar, baƙar akwati,
waya ɗaya tak ta shiga bayanta
kamar igiyar guga a bakin rijiya.

Kati ɗaya gare ta, ƙofa ɗaya ke nan,
amma 'yan haya uku suka biya ni kuɗi.
Barau tela, da hotunan kaftani da aska tara.
Madam Kande ta Sabon Tasha,
mai makarantar da ke liƙa sakamakon yara.
Sai Shu'aibu na Panteka, mai injin niƙa,
wanda bai yarda da abin ba, ɗansa ya tilasta shi.

Kamfani ya yanko mini lamba takwas.
Ta fari sunan layi ce, ba a kwana a cikinta.
Ta ƙarshe ta mai shela ce.
Ɗaya ta ƙofar fita.
Biyar suka rage, ko ɗan koyo ya iya lissafin.

Na zauna bayan isha'i, shayi ya huce,
na yi wa katin laƙabi:
kai ne wane, digo biyu, sifiri;
kai ne dai, digo biyu, ɗaya;
kai ne har yanzu, digo biyu, biyu.
Mutum guda, suna uku,
kamar ni da ake kira Injiniya a kasuwa,
Baban Ummi a gida,
Tanimu kawai a bakin tsohuwata.

Sai shinge, wanda masana ke ce wa netmas,
shi ke faɗa wa akwati iyakar gidansu.
Ɗari biyu da hamsin da biyar, sau uku na buga,
a gurbi na huɗu barci ya kama hannuna,
na sa sifiri.
Ɗari biyu da arba'in da takwas ya kamata.

Da safe komai lafiya lau.
An ga kaftani daga Legas,
wani a Jidda ya tambayi kuɗin ɗinki,
iyaye a Barnawa sun duba makin 'ya'yansu.
Sai ga Barau a kan matakala, tef a wuya, yana haki:
"Duniya ta gan ni, ni ban ga kaina ba!
Shagona fa ga shi can, jifa ɗaya daga tagarka."

Na zargi wayarsa. Na zargi kwamfutarsa.
Na zargi Nepa, don ita ba ta musu.
Sai da la'asar ta yi na duba lambarsa:
kamfaninmu ɗaya, lambarsa ta yi kama da tawa,
bambanci sai a wutsiya.

Ashe na faɗaɗa shinge ya haɗiye unguwa.
Akwati ta ɗauka Barau ɗan gida ne,
tana tsaye a tsakar gida tana ƙwala masa kira,
wa ke da wannan lamba? wa ke da ita?
ba mai amsawa,
alhali da ta miƙa saƙon ta ƙofa
da tuni ya isa.

Kama da wane ba ta wane.
Na goge sifiri, na mayar da iyaka wurinta.
Kaftani ya bayyana, Barau ya ce, "To, ka gani,"
kamar shi ya gyara.

Na rubuta komai a fayil don kar a manta
in wuta ta ɗauke, akwati ta farka ba suna.
Na sauko na tari keke zuwa ƙetaren gada,
Madam Kande na jira da cikon kuɗina.
Kogi ya cika bana, ja kamar kunun kanwa.
Ina kallon gaɓa biyu, ina tunanin saura:
lamba biyu ba kowa, ɗaki biyu a share.
Mai maganin Kawo ya ce zai zo Talata.